Jinyar Baba ta dawo kaina ni kaɗai, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana.

Magidanci ne ni a Ɗorayi, shekarata 37, mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, ina tsaron shagon maigidana a Kantin Kwari. Mahaifinmu ya haura shekara 70. Ƙuruciyarsa a wata masaƙa ta ƙare a Sharaɗa, aka rufe ta, ba fansho ba kuɗin sallama. Bara hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, na ɗauko shi daga gidanmu na Gwale. Magani, gashin ƙashi, kuɗin adaidaita zuwa asibiti, duk ni ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya fi ƙarfina, har na cire babban ɗana daga makarantar kuɗi.

Mu bakwai Baba ya haifa. Ƙannena suna zuwa dubiya da lemo da ayaba, su yi addu'a su tafi. Wallahi ban gaji da Baba ba, amma ina kwana da tunani. In na yi magana, ina tsoron a ce na ƙosa da mahaifina. Yaya zan yi?

Malamin Islamiyya, Kurna: Wa'alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya. Ɗan uwa, shirunka yana hana ƙannenka lada. A mazhabar Malikiyya, ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a kan dukkan 'ya'yan da ke da hali, maza da mata, kowa gwargwadon samunsa. Ba a ɗora wa babban wa shi kaɗai ba. Ka nemi kawunku ko baffanku ya kira zama. Ka rubuta abin da ake kashewa a wata, ka ajiye takardar a gaban kowa, domin da yawa ba mugunta ba ce, ba su san kuɗin ba ne.

Ma'aikaciyar jinya: Yaya, ka je KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, ka tambayi yadda ake yi wa tsoho rajistar taimakekeniyar lafiya. Ka kuma roƙi likita ya rubuta asalin sunan maganin, domin magani ɗaya ne wani kamfanin ya fi wani araha. Kada a daina na hawan jini don an ga sauƙi, nan ne ake samun faɗuwa ta biyu. A riƙa juya shi duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya, a rage gishiri. Masu gashin ƙashi suna koya wa 'yan gida motsa hannu da ƙafa, sai zirga-zirgar ta ragu.

Hajiya, Yakasai: Ɗana, ban ji ka ambaci wahalar matarka ba. In ka tafi Kwari, wa ke ba shi abinci, wa ke wanke shimfiɗa? Alheri take yi maka, ka gode mata, ka samo mata hutu. Wanda ba shi da kuɗi a ƙannenka ai yana da jiki: wannan ya kwana Asabar, wancan ya kai shi asibiti, matan su karɓi girki. Da muna gidan gandu haka ake yi ba sai an faɗa ba. Yanzu kowa ya watse, daga Rijiyar Zaki sai Mariri, dole a tsara. Kuma a riƙa shawara da shi kansa Baban, hankalinsa na nan.

Wani ɗan Sabon Gari: Ni gaba nake hango maka. Japan, da tsofaffi suka yi mata yawa, tun shekarar 2000 ta kafa inshorar jinyar tsofaffi, kowa na fara zubi daga shekara 40. Mu nan 'ya'yanmu ne fanshonmu. Akwai ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar kansu da aka ƙaddamar a 2019, ko kaɗan ne ka fara da zarar ka numfasa, kada ɗan da ka cire daga makaranta ya zo ya rubuta irin wannan saƙon.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta shige ni, daren jiya na ba maman yara haƙuri. Na kira Kawu, ya sa zama ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na fara rubuta lissafin. Saura ƙaramarmu da mijinta ba ya barinta fita sosai, Malam, ita kuma ta wace hanya za a bi?