Yaron da ba ya cin komai sai farar taliya: ɗabi'a ce ko ciwo?

Ma'aikaciyar jinya:
Assalamu alaikum. An kawo mana yaro ɗan shekara 9 mai lalurar galahanga, wato otizim, wanda ba ya cin komai sai farar taliya da burodi, kuma da zarar miyar kuɓewa ta taɓa gefen kwanonsa sai ya ture shi gaba ɗaya. Ta yaya zan bambance ɗabi'ar lalurarsa da ainihin ciwon ƙin cin abinci?

Likitan yara:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Zaɓen abinci saboda yauƙi, ƙamshi ko launi abu ne sananne ga irin waɗannan yara. Abin dubawa shi ne illar da hakan ya haifar: ko yana ramewa, ko girmansa ya tsaya, ko jininsa ya yi ƙasa. Idan aka samu haka, kuma matsalar ta wuce abin da lalurar kaɗai za ta iya bayyanawa, sai a yi tunanin ARFID, wato ciwon guje wa abinci ko taƙaita cinsa, wanda kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, ya shigar a 2013.

Likitar ƙwaƙwalwa:
Ni dalilin ƙin abincin nake fara tambaya. Mai anoreksiya, wani nau'in ciwon ƙin cin abinci na daban, tsoron ƙiba ne ke hana ta ci, alhali yaronki bai damu da surar jikinsa ba. Sai dai a yi hattara, domin ana samun 'yan mata masu galahanga da ke fama da anoreksiya a lokaci guda. Kuma ki roƙi mahaifiyarsa kada ta yi masa ɗure, don yana ƙara masa tsoron kwanon ne kawai.