Sassaƙe da kansar nono: wai don na ce "boka"?

Maman Hanif: Salam 'yan uwa wlh raina a ɓace yake. Gwaggona ta ji ƙullutu a nononta tun kafin azumi, muka ce a je asibiti aka ce a'a wai daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi bazuwa yake. Wata tara wani boka yana ɗirka mata jiƙon sassaƙen gwandar daji da zogale, yanzu nonon ya fashe, likita ya ce abin ya kai har ƙashi. Dan Allah wa ya taɓa ganin wadda sassaƙe ya raba da kansa?

Baban Sadik: Allah ya ba ta lafiya. Amma Hajiya ki gyara kalamanki, boka daban mai maganin gargajiya daban. Kakana saiwa ya sayar har ya koma ga Allah kuma a sahun farko yake sallah.

Ummu Aisha: Gsky kalmar ta yi nauyi, boka fa da aljanu yake aiki

Maman Hanif: Wanda ya karɓi kuɗin mara lafiya ya hana ta zuwa asibiti me zan ce masa, malam?

Anti Nas: Ku tsaya mana. Allurar Taxol da muke sa wa masu kansar nono ita ma daga ɓawon wata bishiya aka fara samo ta a Amurka. A 1962 aka ɗebo ɓawon, sai 1992 aka amince da maganin, amfani da shi wa kansar nono ma sai 1994.

Baban Sadik: Alhamdulillah kun ji da bakinta! Ashe Bature ma sassaƙe yake yi, in shi ya yi likita, in mu ne boka.

Anti Nas: Yaya ba haka na ce ba. Shekara talatin ana tace sinadari ɗaya tal, a gwada a kan dabbobi sannan mutane, a san awon da zai kashe cutar bai kashe mai ita ba. Su zogale da habbatus sauda ana bincikensu a ɗakin gwaji, amma abin da ya kashe ƙwayar kansa a cikin kwalba ba shi ke nufin zai warkar da mace ba.

Ummu Aisha: Anti ki cire habbatus sauda a zancen nan, hadisi ne ya zo da ita.

Anti Nas: Wa ya musa hadisi? Hadisi ne ma ya ce a nemi magani.

Baban Sadik: Ku 'yan asibiti kun raina mu, nawa ne kuɗin kemo ɗin naku, wato allurar kansar nan da kuke sawa? Talaka gona yake sayarwa.

Maman Biyu: ni dai kishiyar yayata an yanke mata nono shekara shida kenan tana nan garau har Umara ta je

Ummu Aisha: Yanzu sirrin baiwar Allah za ki tona a nan?

Maman Biyu: Na kama suna ne? Ke dama tun rigimar adashi kike jin haushina.

Maman Hanif: Har yanzu ba wanda ya amsa min tambayata.

Admin: To a tsaya haka. Abin da muka fahimta shi ne wani maganin asibitin ma daga itace aka fara samo shi, kenan gargajiya ba abin rainawa ba ne, ni kaina zogale ne ya sauke min hawan jini. Maman Hanif ki janye kalmar boka ki ba Baban Sadik haƙuri. Allah ya ba Gwaggo lafiya. Na rufe.