Me ya sa naitirojin ke hana katalis cire sulfa daga dizal?

Sabon_Injiniya:
Salam jama'a, dan Allah masu aiki a matatar mai ko wanda ya karanci harkar ku taimaka min. Abin da na sani shi ne ana haɗa dizal da haidurojin a bi da shi ta kan katalis (sinadarin da ke hanzarta aikin) na CoMo ko NiMo, wato kobalt ko nikel haɗe da molibdenom, da zafi sama da digiri 300 na Salsiyas, sai sulfa ya fita a matsayin iskar H2S (haidurojin salfaid). To amma ko'ina na duba sai a ce naitirojin da ke cikin man yana rage ƙarfin aikin, alhali shi ɗan kaɗan ne, galibi sulfan ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Ta yaya ƙaramin abu zai hana babba fita? Kuma kashe katalis ɗin yake kwata-kwata ko na ɗan lokaci ne?

Tsohon_Ma'aikaci:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba maganar yawa ba ce, maganar wa ya fi riƙo ce. A jikin katalis akwai wasu gurabe a gefen molibdenom salfaid inda aikin ke faruwa, kuma ba su da yawa, duk abin da za a cire sai ya zauna a gurbin tukuna. To su mahaɗan naitirojin masu halin alkali irin su kwinolin da akiridin in suka zauna kamawa suke gam kuma cire naitirojin ɗin nasu yana ɗaukar lokaci, kamar baƙon da ya samu kujera ya ƙi tashi, shi kuma sulfa yana tsaye yana jira.

Da can ba a damu sosai ba saboda sulfan da ake cirewa mai sauƙi ne. Matsalar ta fito fili da aka matsa doka, Amurka ta mayar da iyakar sulfa a dizal ɗin motoci ppm 15 (kashi 15 cikin miliyan) a 2006, Turai ppm 10 a 2009. In ka zo wannan matakin abin da ya rage a man shi ne masu taurin kai, musamman wani mahaɗin sulfa da ake kira 4,6-DMDBT. Shi wannan yana da metil (ƙananan rassan kabon da haidurojin) guda biyu da suka tare sulfan ta gefe da gefe, ba ya iya kaiwa ga gurbin kai tsaye, sai an fara cika ɗaya daga zobban kabon da ke jikinsa da haidurojin ya lanƙwashe sannan sulfan ya samu hanya. To wannan hanyar ta haidurojin ita ce naitirojin ya fi toshewa. Ka ga kenan daidai inda kake buƙatar katalis ɗin nan yake bugunsa, shi ya sa ko 'yan ppm kaɗan ma sai ka ga tasirinsu.

Kuma ba kisa ba ne, in naitirojin ya ragu a man yawancin ƙarfin yana dawowa, sai dai in ya daɗe yana taimakawa wajen tara baƙin kabon a jikin katalis ɗin, shi kam wannan sai an ƙone.

Malama_Kimiyya:
Yallabai ya yi bayani amma kar a raina ɗaya rukunin, su indol da kabazol. Mutane suna ɗauka tunda ba su da halin alkali ba su da illa, alhali indol da zarar ya sha haidurojin a cikin riyakta (tukunyar da katalis ke ciki) sai ya koma indolin wanda shi alkali ne, ya kama gurbi shi ma. Kabazol masu metil kuwa su ne ke raka mai har ƙasan riyakta don wuyar cirewa, wato daidai wurin da ake fama da ragowar sulfa. Amoniyan da ke fita bayan an cire naitirojin shi ma yana hanawa amma bai kai su ba. Sannan H2S kansa yana danne ɗaya hanyar ta kai tsaye, wadda ake cire sulfa ba sai an cika zobe da haidurojin ba, don haka cire H2S daga iskar haidurojin da ake sake juyowa cikin riyakta ba abin wasa ba ne.

Sabon_Injiniya:
Na gode sosai, Allah ya ƙara basira. To me zai hana a ƙara zafi kawai?

Tsohon_Ma'aikaci:
Ana ƙarawa, shi ne ma abin da ake yi kullum yayin da katalis ke tsufa, amma yana da iyaka. In zafi ya yi yawa shigar haidurojin cikin zoben sai ta fara komawa baya, ga baƙin kabon na ƙaruwa, kwanan katalis ya ragu a canza shi kafin lokaci. Abin da ya fi a ganina shi ne ƙarin matsin haidurojin da amfani da NiMo, don ya fi CoMo iya cire naitirojin in matsi ya yi sama, wasu ma jera su suke hawa-hawa a riyakta ɗaya. Sannan ka lura da abin da ake zuba maka, man da ya fito daga FCC ko koka (na'urorin da ke fasa mai mai nauyi) ya fi na tacewar farko naitirojin sosai, in aka ƙara kasonsa ba a faɗa maka ba sai dai ka ga sulfa ya haura a sakamakon lab. Duk ranar da ka ga haka ka nemi a auna naitirojin ɗin man da ke shiga kafin ka taɓa zafi.