Neman suna: me za mu kira fanorama da Hausa?

Jama'a, mun kwana biyu muna kai-kawo a kan kalmar nan. Ga inda na tsaya, mai ja ya fito.

Ga wanda bai san abin ba: buɗe kyamarar wayarka, za ka ga inda aka rubuta PANO ko PANORAMA. Kana dannawa kibiya za ta fito a kan layi, kai kuma kana juya wayar a hankali daga hagu zuwa dama. Ba hoto ɗaya take ɗauka ba. Siraran hotuna ne birjik, kowanne ya ɗan hau kan na kusa da shi, sai wayar ta nemo inda suka dace ta haɗe su, su zama hoto ɗaya mai faɗi. Turawan ma ƙirƙirar kalmar suka yi, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin "duka" da "gani", don sanya wa zagayayyen zanen wani mai zane Robert Barker suna, wanda ya yi wa dabararsa rajista a 1787. To mu me zai hana mu?

Wani ɗan'uwa daga Kaltungo ta jihar Gombe ya kawo "hoton ɗinki". Ya burge ni, domin ya kama yadda ake aikin. Sai dai ka faɗe shi a kasuwar Gombe, za a zaci hoton sabon salon riga kake nufi, irin wanda ake nuna wa tela. "Hoton faɗi" kuma ya yi sako-sako, don duk hoton da aka ɗauka da waya a kwance yana da faɗi. Wata baiwar Allah ta ce "hoton kewaye". Wannan na ajiye shi gefe, ya dace da mai digiri 360, wanda mutum ke juyawa har ya dawo inda ya fara. Galibin abin da muke ɗauka a kan dutse bai wuce rabin hakan ba.

Wanda aka fi daɗewa a kai shi ne "hoton hange", kuma na so shi ƙwarai. Amma hange nisa yake nufi, ba faɗi ba. Mai jawo abu daga nesa da doguwar kyamara shi ma hange yake yi. Ribar da muka ci a nan ita ce sunan wurin tsayawa: mahanga. Yau an fi jin ta a wajen ra'ayi, "a mahangata", alhali asalinta tudun da ake tsayawa a yi hange ne. Mu mayar da ita gidanta.

Ni zaɓina "hoton iyakar gani". Duk wanda ya hau tsaunin Tula da ke yankin Kaltungo bayan an ɗauke ruwa, a watan Satumba, ya san abin da nake nufi. Ƙura ta kwanta, gonakin da aka yi wa matakala da duwatsu suna gangarawa ƙarƙashin ƙafarka, dawa ta yi kore shar, can ƙasa rufin kwano na ƙyalli ɗaya-ɗaya. Ka ɗaga waya ka ɗauki hoto na yau da kullum, sai ka ga ta yanko maka ɗan yanki ta bar sauran. Abin da kake so shi ne daga inda idonka ya fara zuwa inda ya tsaya. Bahaushe dama yana cewa "gona ce iyakar ganinka", babu mai neman fassara.

An ce sunan ya yi tsawo. Gaskiya ne, kuma na san masu sana'ar hoto za su ci gaba da cewa "fano" a tsakaninsu, ba laifi. Amma ku gwada shi a baki: "Mu hau mahangar Dutsen Bima mu ɗauko iyakar gani." Ko malami ga ɗalibinsa: "In za ka ɗauki iyakar gani, riƙe wayar a tsaye, ita za ka juya a wuri ɗaya ba kai za ka yi ta lilo da hannu ba, kuma ka bari mai babur ya wuce, in ba haka ba zai fito a gutsure." Bai yi mini nauyi ba.

Saura ɗaya da ban warware ba. Akwai wanda ake ɗauka daga ƙasa zuwa sama, kamar in ka tsaya a gindin Dutsen Kilang kana son ƙafarsa da ƙololuwarsa su shiga tare. "Iyakar gani na tsaye" za mu ce, ko yana da nasa sunan? Mutanen Kaltungo, dutsenku ne, ku muke saurare.