Yaya za a rage zafin gini mai rufin kwano a inda babu wutar lantarki?

Mai Neman Shawara:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu tana shirin gina ajujuwa biyu a wani ƙauye da babu wutar lantarki, kuma abin da ya fi damunmu shi ne rufin kwano, domin da zarar rana ta take sai ɗaki ya koma kamar tanda. Wace dabara ce za ta sanyaya ginin ba tare da fanka ko na'ura ba?

Tsohon Magini:
Wa alaikumus salam. Malam, mafi yawan zafin ta sama yake shigowa, saboda haka daga rufin za ku fara. Kwano ba ya cutarwa sosai idan ba a zaunar da shi kai tsaye a kan bango ba. A makarantar firamare ta Gando da ke Burkina Faso, wadda mai zanen gine-gine Francis Kéré ya kammala a 2001, an yi bango da silin da tubalin ƙasa, sannan aka ɗaga kwanon a kan ƙarafa, ta yadda iska ke ratsawa tsakani tana kwashe zafin kafin ya sauko kan yara. An kuma bar bakin rufin ya zarce bango, yana ba shi inuwa, yana kare shi daga ruwan sama. Aikin ya samu lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake bayarwa a fannin gine-gine, a 2004.

Malama Injiniya:
Idan kuɗin ɗaga rufi ya gagara, farin fenti yana mayar da hasken rana, kuma birnin Ahmedabad na Indiya ya rungumi wannan hanya a shirinsa na yaƙi da zafi. Sai dai ƙura tana rage amfaninsa, don haka dole a riƙa wankewa. Ku sa dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, ku dasa bishiyoyi ta yamma.

Mai Nazari:
Ina da gyara kaɗan, ranka ya daɗe Magini. Bangon ƙasa mai kauri yana tsotse zafin rana ne ya sake shi da dare, don haka ya fi dacewa da busasshen yanki inda dare ke yin sanyi, a bar tagogi a buɗe har asuba. A yanki mai danshi kuwa, manyan tagogi masu kallon juna sun fi kaurin bango amfani. Wane irin yanayi ne a ƙauyen naku?