Babban marubuci a wasanmu: Kawu ko Auta?

Sakatare: Assalamu alaikum jama'a. Ga inda muka kwana jiya bayan gwaji. Wasan barkwancinmu a kan marubuta huɗu ne a wani ɗan ofis na gidan talabijin a Kaduna, farkon shekarun 1970, suna ta fama su haɗa shirin mako kafin ranar ɗauka. An raba kowane matsayi, saura na babban marubuci. Darakta ya zaɓi Auta. Kawu bai ce uffan ba, amma mutum uku sun same ni daga baya. Gara a yi maganar a nan kowa ya ji.

Baba: Wa alaikumus salam. Ina cikin ukun nan. Maganata ɗaya ce: wasan Hausa na talabijin a wancan zamani ba a rubuta shi kalma bayan kalma. Saboda haka wanda zai wakilci mutanen nan sai mai kaifin baki, wanda magana ke zuwar masa nan take. Kawu ke nan. Auta yaron kirki ne, ya haddace rubutun nan kaf cikin mako biyu, Allah ya yi masa albarka. Amma hadda ba ita ce sana'ar mutanen da muke son tunawa ba.

Darakta: Baba, Allah ya ƙara girma. In ba a rubutawa, to su wa muke yin wasan a kansu? Ni abin da ya dame ni dandamali ne. Babban marubuci shi ke riƙe da kashi na biyu gaba ɗaya, mutum biyar na jiran kalmarsa ta ƙarshe kafin su shigo. Kawu ya ba mu dariya har hawaye ranar Talata, ban musa ba, amma sau uku ana tsayawa saboda mai shigowa bai san lokacinsa ya yi ba.

Malama: Baba, ka yi haƙuri, ina da ja a kan cewa ba a rubutawa. Tun kafin talabijin ta zo Arewa akwai masu rubuta wasa. Malam Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta wasanninsa don rediyo, aka watsa su, daga baya aka buga su littattafai, har yau ana karanta Jatau Na Kyallu a makarantu. Talabijin ta fara a Ibadan a 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962 zamanin Sardauna. Mutanen da suka shiga sabon gidan, da yawa daga rediyo suka fito, sun san alƙalami. Ba zan yarda mu nuna wa yara cewa kakanninsu ba su iya rubutu ba, baki kawai gare su.

Baba: 'Yata, ban ce ba su iya ba. Na yi shekaru ina aiki a wani gidan talabijin, da hannuna na sha buga takardun nan a tafireta da takardar kabon. Shafi ɗaya ne, in ya yi yawa biyu. A rubuta: fitowa ta ɗaya, maigida ya dawo ya tarar mai bin bashi na zaune a zaure. Fitowa ta biyu, uwargida ta ɓoye kuɗin adashi. Shi ke nan. Furodusa ya tara 'yan wasa ya karanta musu, a ɗan gwada, a shiga gaban kyamara. Abin da maigida zai ce wa mai bin bashi, daga kansa zai fito. Ku dubi marigayi Usman Baba Pategi a Samanja. Hausar barikin nan da yake cakuɗawa da Turanci, wa zai zauna ya rubuta masa ita? Soja ne na gaske, a bariki ya kwaso ta. Kuma kaset yana da tsada a lokacin, ba a ta maimaita ɗauka. Na ga an goge shiri mai kyau an ɗora wani a kai, har yau abin yana min ciwo. Mutumin da ya kasa ceto kansa in magana ta kuɓuce, ba ya daɗewa a wurin.

Hajiya mai sutura: Ni dai ido nake bi. Kawu ya sa kaftanin nan da tabarau, ya maƙala biro a kunne, wallahi sai na ga mahaifina ya dawo daga ofis. Auta ko mun zuba masa hoda a gashi, yaro ne.

Darakta: Hajiya, ai nan ne nake ganin an juya tarihi. A 1970 talabijin ɗin Kaduna shekararta takwas kacal. Sabon aiki ne, matasa ne suka cika shi. Muna tuna su da furfura ne don da furfura muka san su.

Malama: Wannan gaskiya ne. Sannan abin da Baba ya bayyana, ai shi ma rubutu ne, kuma mai wuya. Wanda ya zauna ya ƙulla rikicin bashi da na adashi yadda za su haɗu a fitowa ta ƙarshe, shi ya gina gidan, 'yan wasa suka yi masa ado. Sunan ɗan wasa kowa ya riƙe, na mai shafi ɗayan nan ya ɓace. Ni a wurina dalilin wasanmu ke nan. Kuma marigayi Ƙasimu Yero ya isa misali: ya yi barkwancin Hausa, ya kuma fito a Cock Crow at Dawn, wasan Turanci rubutacce da ake haddacewa. Mutum ɗaya ya iya duka biyun.

Baba: Ƙasimu daban ne. Ba kowace rana ake samun irinsa ba.

Auta: Iyayena, ku ba ni dama. Ni ban nemi matsayin nan don in ture Kawu ba, shi ya koya min tsayuwa a dandamali. Amma ina son shi ƙwarai. Abin da Baba ya faɗa yanzu ban taɓa jin sa ba, kuma babu shi a rubutunmu. Marubutanmu huɗu suna faɗa ne a kan kalmomi, kamar kowace kalma za ta kai gaban kyamara. In shafi ɗaya suke bayarwa, to zafin babban marubuci wani ne daban: ya kwana yana ƙulla labari, gobe ɗan wasa ya shiga ya faɗi abin da ya ga dama, gari ya ɗauka, shi kuwa ba wanda ya san shi.

Kawu: Na karanta duk saƙonnin da kuka rubuto nan. Darakta bai yi min ƙarya ba, hadda tana ba ni wuya, idona ma ba kamar da ba. Amma in akwai ɗan wasan da ke shigowa ofis yana watsa wa marubuci tsari, wannan kam a ba ni shi, ba na buƙatar takarda.

Darakta: Babu shi a wasan, Kawu. Sai an ƙara fitowa biyu aƙalla, kuma saura mako biyar.

Baba: A ƙara. Zan zo da tafiretata, tana nan tana aiki. Amma ban janye ba, a rubuta a littafin taro cewa na ce Kawu ya fi cancanta da babban matsayin.

Sakatare: Na rubuta, Baba. Asabar bayan la'asar a harabar makaranta. Baba zai buga shafi ɗaya irin na da, Auta ya karanta wa Kawu a matsayin marubuci, mu ga abin da zai faru kafin Darakta ya yanke. Hajiya, a taho da kaftanin da tabarau, har da wata riga daidai Auta.