Tambaya: me yasa gargaɗin da ake sakawa a fina-finan aljanu da fatalwa baya faɗin komai?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah tambaya gareni ga masu kallon fina-finan ban tsoro, musamman irin na aljanu da fatalwa da tsafi. Ni wlh ina son su, faɗuwar gaban ma ita ce daɗin abin, amma gargaɗin da suke rubutawa a farko shi ke bani haushi. Sai kaga an saka 16+ ko 18+, a gefe kuma kalma biyu, tsoro da tashin hankali, shikenan. To ai na san akwai tsoro, shi na zo nema. Abinda ba'a faɗa mini ba shine akwai uwar da aljani ya shiga jikinta ta hallaka jaririnta, ko wani ya rataye kansa ana nunawa ƙiri-ƙiri, kuma irin waɗannan fina-finan kusan duka akan mutuwar yaro ko kashe kai ake gina labarin fatalwar. Yayata ta rasa ɗanta bara, da tare muke kallo, yanzu tsoron kunna mata komai nake. Ya zanyi in san abinda ke ciki kafin mu kunna ba tare da an ƙarar mini da labarin ba?

Malam_Sabo:
Wa'alaikumussalam Ummu Hanan, Allah ya jiƙan yaron ya baiwa yayarki haƙuri. Matsalar ita ce lambar nan da kike gani ba dan irinki aka yi ta ba, dan iyaye aka yi, su san ko yaro ya isa kallo. A Amurka tsarin ya fara ne a 1968, aka ƙara PG-13 (jan kunnen iyaye akan yara 'yan ƙasa da 13) a 1984 bayan iyaye sun yi ta ƙorafi akan fina-finan da aka ba PG (yara su kalla da jagorar iyaye) alhali suna razana yara, sai a 1990 aka fara rubuta ɗan dalili a ƙarƙashin harafin. To dalilin nan gajere ne sosai, kuma idon masu tacewar yafi karkata ga jini da tsiraici da zagi da ƙwaya, abubuwan da ake iya ƙirgawa. Fim ɗin aljanu kuwa zai iya zuwa babu jini ko ɗigo amma ya hanaki barci sati guda. Misali The Conjuring na 2013, R aka bashi (ɗan ƙasa da 17 sai da babba), babu batsa babu wani zagi, dalilin da aka rubuta kawai tashin hankali mai tayar da hankali da firgici. Meye wannan ya gaya miki akan ko akwai yara cikin haɗari? Babu.

Shawarata ki riƙa duba shafin hukumar tace fina-finai ta Ingila, BBFC. Su suna rubuta dogon bayani akan fim, sashe-sashe, barazana da tsoro daban, kashe kai da cutar da kai daban, fyaɗe daban. Akwai kuma ɓangaren jagoran iyaye a shafin bayanan fina-finai na IMDb amma shi masu kallo ne ke rubutawa kuma wani lokacin sai su kwance miki labarin gaba ɗaya. Wanda nake ganin zaifi miki shine shafin Does the Dog Die, tambayoyi ne a jere mutane na amsa eh ko a'a, yaro ya mutu? akwai ɓari? akwai kashe kai? sai ki duba layin da ya dameki kaɗai ki rufe, sauran labarin na nan lafiya.

Dan_Sinima:
Gsky ni ban yarda da yawan gargaɗin nan ba, kuyi haƙuri. Fim ɗin tsoro aikinsa kenan ya zo maka ta inda baka zata ba, in aka jera maka duk abinda zai faru me ya rage? Kuma ba ra'ayina kaɗai bane, a 2023 wasu masu bincike a Ostareliya da Amurka sun tattara gwaje-gwajen da aka yi akan irin wannan gargaɗin, suka ga baya rage damuwar da mutum ke ji in ya kalli abin, asali ma ƙara masa fargaba yake kafin ya kalla, kuma yawancin mutane ko an gargaɗe su sai sun kalla. Wanda zuciyarsa bata iya ɗauka ya haƙura da fim ɗin tsoro kawai, akwai na dariya da yawa.

Anty_Rabi:
Ɗan Sinima ƙanena ka tsaya ka ji. Binciken da ka kawo gaskiya ne na yarda, gargaɗi baya zama sulke, in an ce maka ga abu nan zuwa ka zauna ka kalla zai taɓa ka kamar yadda zai taɓa ka. Amma Ummu Hanan ba sulke take nema ba, so take ta zaɓa tun kafin a kashe fitila, ta ajiye wannan ta ɗauko wancan. Yawanci su kalla duk da gargaɗin, babu laifi, ai dama ba dan yawanci aka yi ba, dan mutum ɗayan nan ne da ya binne ɗansa ko ya taɓa tsinto ɗan'uwansa ya kashe kansa. Kuma cewa ta haƙura da fina-finan gaba ɗaya bai yi mini ba, matar nan bata tsoron fatalwa, fatalwa bata taɓa yi mata komai ba, abinda ya faru da ita a zahiri shine bata son gani ana wasa dashi a allo.

Sannan akwai gargaɗin da babu gardama a kansa sam, na walƙiyar haske. Fina-finan aljanu suna son fitila tana kawowa tana ɗaukewa da sauri lokacin da abin ya bayyana, kuma akwai masu farfaɗiya da irin wannan hasken ke tayar musu da ciwon. A Disamba 1997 a Japan wani kashi na katun ɗin Pokémon ya sa aka kwashi yara sama da 600 zuwa asibiti saboda haske ja da shuɗi da ya riƙa walƙiya na 'yan daƙiƙu. Tun daga nan gidajen talabijin suka ƙara tsaurara ƙa'ida, abinda aka fi bi shine kar walƙiyar ta wuce sau 3 a daƙiƙa ɗaya. Wannan ba maganar taurin zuciya bace, ciwo ne, kuma faɗinsa baya rage komai a labari.

Dan_Sinima:
Na haske na yarda Anty, dole a faɗa. Sauran ma in a ɓoye yake sai wanda yaso ya danna ya gani bani da matsala, abinda bana so a manna mini shi akan allo kafin fim ya fara, ina zaune an riga an gaya mini wani zai mutu.

Ummu_Hanan:
Nima haka nake so ai, maɓalli ɗaya, mai so ya buɗe. Na gode Malam Sabo, Anty Allah ya saka da alheri. Amma in fim sabo ne ba'a riga an rubuta komai akansa ba fa?

Malam_Sabo:
BBFC kan saka nasu kusan lokacin da fim zai fito a sinima, sauran shafukan kuma ki basu 'yan kwanaki masu kallo su cike. Kar ki dogara da tallan fim ɗin, ƙofa mai ƙara da inuwa zasu nuna miki, nauyin labarin basa saka shi a talla. In kin matsu ki fara kalla ke kaɗai, ko ki tambayi wanda ya gani tambaya ɗaya tak, akwai mutuwar yaro ko babu, ki ce masa eh ko a'a kawai kike so. Kuma ki tambayi yayar taki da kanta me take son a kauce mata, wataƙila abinda kike zato ba shine ke tayar mata da hankali ba, wasu kukan jariri a sautin fim ma kaɗai ya ishe su.